Mai Harbin da Ba a Gani: Yadda Aka Gano Abin da Ke Kashe Yara a Gaɓar Tekun Queensland

A ranar 20 ga Janairun 1955 wani yaro ɗan shekara 5 ya shiga ruwa a bakin tekun Cardwell, wani ɗan ƙaramin gari da ke jihar Queensland a arewa maso gabashin Ostireliya. Wurin ba shi da zurfi. Wani abu ya harbe shi, ba a jima ba rai ya yi halinsa, kuma babu wanda ya iya nuna yatsa ya ce ga abin da ya yi wannan aika-aika.

Mazauna wannan gaɓa sun san irin wannan mutuwa, domin tun wajen shekarun 1880 ake rubuta labarinta, 'yan asalin ƙasar kuwa sun san da ita tun kafin zuwan Bature. Kusan kullum hanya ɗaya take bi. Lokacin zafi ne da damina, wanda a can yake kamawa daga wajen Nuwamba zuwa Mayu. Teku ya kwanta luf. Mutum na tsaye a ruwan da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, sai a ji ya kurma ihu, ya fito da dogayen shatika ja-ja a ƙafa ko hannu ko ciki, ga wasu siraran zaruruwa manne da fatarsa. Wani ya tsira da tabo. Wani kuma ya yanke jiki ya faɗi a kan rairayi kafin a cika minti biyar. Yara suka fi yawa cikin waɗanda ba su tashi ba.

An daɗe ana ɗora laifin a kan wata halittar teku da masana ke kira Physalia, mai shuɗiyar jaka cike da iska da ke yawo a saman ruwa tana jan zaruruwa masu dafi. Ita aka sani, ita ake gani, don haka ita aka kama. Sai dai da walakin. Physalia ba ta ɓuya, ana hango ta daga nesa, iska kuma kan watso ta a gaɓa da yawa. A ranakun da ake yin waɗannan mace-mace kuwa, sau tari ba a ganin ko guda.

Likitan da ya riƙe rajista

Dokta Hugo Flecker likitan ɗaukar hoton cikin jiki ne da ya koma garin Cairns da zama a 1932. Mutum ne mai son sanin tsirrai da dabbobi, har ya kafa ƙungiyar masu nazarin halittun arewacin Queensland a shekarar da ya iso. Aikin da ya fi taimakawa a wannan lamari ba wani aikin a-zo-a-gani ba ne: rajista ya riƙe. Duk wanda wata halitta ko wani tsiro ya ji wa ciwo a yankin, sai a rubuta inda abin ya faru, da watan, da yanayin ruwa, da alamomin da aka gani a jikin mutum. Shekara da shekaru yana tarawa. Daga nan ya tabbatar wa kansa cewa Physalia ba ita ce ke kisan ba, kuma ba abu ɗaya ke harbin mutane ba.

Da labarin yaron Cardwell ya iske shi, sai ya nemi 'yan sanda su ja raga a wurin da abin ya faru. Suka ja, suka kamo nau'o'in jelifish, wato halittun nan masu laushin jiki da ba su da ƙashi ko ƙaya, waɗanda kusan duk jikinsu ruwa ne. Cikinsu akwai wata mai kusurwa huɗu da babu wanda ya san sunanta. Flecker ya aika da ita birnin Adelaide wurin Dokta Ronald Southcott, wanda ya taɓa aikin likitan soja a arewacin Queensland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ga sojoji da dama da aka harba a teku. A 1956 Southcott ya bayyana cewa sabon jinsi ne da ilimi bai taɓa rubutawa ba, ya raɗa mata suna Chironex fleckeri don girmama Flecker. Shekara guda bayan haka, a 1957, Flecker ya rasu.

Wanda ya ji siffar wannan halitta zai gane dalilin da ya sa ta ɓuya wa mutane tsawon shekara saba'in. Ƙoƙon jikinta kan kai girman kan mutum, wajen santimita 30, amma garau yake, ana ganin abin da ke bayansa. A cikin ruwa mai ɗan gurɓata, ba ta da maraba da farar leda da ta nutse. A kowace kusurwa tana da tarin zaruruwa da kan kai 15, jimilla 60, kowanne yana iya miƙewa har mita 3. Ba irin jelifish ɗin da igiyar ruwa ke kaɗawa inda ta ga dama ba ce. Tana iyo da kanta, tana juyawa, kuma tana da idanu 24 da aka rarraba gida huɗu, wasunsu har da ƙwayar da ke tattara haske. Ƙuruciyarta a bakin koguna take yi, manne da ƙarƙashin duwatsu, sai gab da damina ta saki jiki ta fito teku. Abincinta jatan lande ne da ƙananan kifaye, su kuwa a ruwa marar zurfi suke kiwo, daidai inda uwa za ta ga ya dace ɗanta ya yi wasa.

Ba farautar mutum take yi ba. An ma lura cewa takan kauce wa abu mai duhu idan ta sami sarari, shi ya sa ake gargaɗin kada a faɗa ruwa da gudu. Ƙarfin dafinta kuwa daga raunin jikinta ya samo asali: halitta mai laushi haka ba za ta jure kifi ya yi ta wutsil-wutsil a jikinta ba, dole abin da ta taɓa ya sandare nan take. Kowane zare jere yake da miliyoyin ƙananan kwansuna da ido ba ya gani, a cikin kowane kwanso akwai wata 'yar ƙaya a naɗe. Da zarar zaren ya taɓa fata ya ji sinadaran da ke kanta, sai kwansunan su fashe, ƙayoyin su huda fata su zuba dafi, duk a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Dafin na ɗauke da sinadaran da ke huda bangon ƙwayoyin jiki. Binciken da Angel Yanagihara ta Jami'ar Hawaii ta wallafa a 2012 ya nuna cewa hujin kan sa sinadarin fotashiyam ya malalo daga jajayen ƙwayoyin jini, idan kuwa ya yi yawa a jini zuciya kan rikice ta tsaya. Yawan zaren da ya taɓa jiki shi ne ma'auni. Babban mutum yana cikin haɗarin mutuwa idan tsawon shatikan ya kai mita 6 zuwa 7, yaro kuwa ƙasa da haka sosai ya ishe shi, saboda jikinsa ƙarami ne, fatarsa kuma ba gashi.

Ciwo na biyu

Gano Chironex rabin matsalar kawai ya warware. A rajistar Flecker akwai wani rukunin majinyata da labarinsu ya sha bamban. Su harbin da suka ji bai taka kara ya karya ba, ɗan zafi ne kaɗan, wani ma ba ya kula, ya ci gaba da iyonsa. Fata ba ta nuna komai in ban da ɗan ja. Sai bayan kamar rabin sa'a abin ya taso: ciwon baya mai tsanani, murɗawar ciki da ƙirji da gaɓoɓi, gumi sharkaf, amai ba ƙaƙƙautawa, ciwon kai, zuciya na dukan uku-uku, jini ya hau. Akwai kuma wata alama da likitoci suka yi ta ji daga bakin majinyata daban-daban har suka shigar da ita littafi, wato mutum ya ji a ransa, ba tare da shakka ba, cewa ajalinsa ya zo. Southcott ya ga wannan a jikin sojoji tun lokacin yaƙi. A 1952 Flecker ya sa masa suna ciwon Irukandji, daga sunan al'ummar da ƙasarsu ta bi gaɓar teku daga Cairns zuwa Port Douglas. Ciwo ya sami suna, mai jawo shi kuwa babu labari.

A 1958 ƙungiyar likitoci ta miƙa wa Dokta Jack Barnes wannan aiki. Likita ne a Cairns, tsohon sojan kundumbala da ya yi yaƙi a tsibirin Timor. Barnes ya zauna da bayanan da aka tara ya yi lissafi irin na maharbi. Tun da babu wanda ya taɓa ganin abin, lalle ƙarami ne ƙwarai kuma garau. Tun da an fi harbin mutane a saman jiki, lalle kusa da saman ruwa yake yawo. Tun da akan harbi mutane da yawa a rana ɗaya sannan a yi makonni shiru, lalle a garke yake zuwa, kuma ya lura hakan na bin bayan kwanakin da iska ta juyo daga arewa. Saboda haka ya sa kayan nutso, ya rataya nauyi, ya riƙa kwanciya a ƙasan ruwa yana kallon sama, domin abin da ba a gani daga bisa, wataƙila a ga inuwarsa idan haske na bayansa.

A ranar 10 ga Disamban 1961, a bakin tekun Palm Cove da ke arewa da Cairns, haƙarsa ta cim ma ruwa. Ya kama wata 'yar mitsitsiyar jelifish mai kusurwa huɗu, ƙoƙonta santimita 1 zuwa 2, da zare ɗaya tak a kowace kusurwa. Wani ma'aikacin ceto ya kama ta biyu bayan ya lura da wani ɗan kifi yana iyo a karkace, ashe zaren ne ya riƙe shi. To, an kama, amma me zai tabbatar ita ce? Barnes ya ɗora ta a damtsensa ta harbe shi. Ya ɗora wa wani matashin ma'aikacin ceto da ya amince. Ya kuma ɗora wa ɗansa, mai shekara 9. Yaron ne ya fara kokawa da ciwon ciki bayan minti 12, ba a daɗe ba duk ukun suka kama murƙususu da amai, aka kwashe su zuwa asibitin Cairns. Sun warke. Barnes ya rubuta komai dalla-dalla a mujallar likitocin Ostireliya a 1964, kuma a 1967 Southcott ya raɗa wa halittar suna Carukia barnesi.

Akan ba da wannan labari da sigar jarumta, kuma gaskiya ne akwai jarumta a ciki. Barnes bai nemi wani ya ɗanɗana abin da shi bai ɗanɗana ba, kuma a zamaninsa babu wanda aka san ciwon Irukandji ya kashe, don haka ya ɗauka azaba ce mai wucewa. Duk da haka ni ban ga abin da ya halatta saka yaron ba. Jikin Barnes da na babban mutumin da ya yarda sun isa hujja. Ɗan shekara 9 ba shi da wata yarda da za a dogara da ita, ballantana idan mahaifinsa ne mai gwajin. Ba a kuma rasa ƙa'ida a lokacin ba, domin tun 1947 aka shimfiɗa dokokin Nuremberg kan gwaji a jikin ɗan Adam. Mu da muka ga abin da gwajin magani a kan yara ya bari a Kano a 1996 ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Shekara arba'in bayan gwajin Barnes aka tabbatar cewa wannan ciwo yana kisa. Allah ne ya kiyaye yaron, ba lissafin mahaifinsa ba.

Abin da aka yi da wannan sani

Barnes bai tsaya nan ba. Don a sami makari dole a sami dafi tsantsa, tatsar jelifish kuwa ba kamar tatsar maciji ba ce, tun da babu haƙori babu jakar dafi guda ɗaya. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya shimfiɗa tantanin da ke lulluɓe jariri a mahaifa a bakin mazubi, ya ɗora zaruruwan a kai, su ɗauka fata ce su harba, dafin ya taru a ƙasa. A 1970 hukumar haɗa magunguna ta CSL ta fitar da makarin dafin Chironex, wanda ake samu ta hanyar yi wa tumaki allurar dafin kaɗan-kaɗan sannan a tace garkuwar da jininsu ya haɗa. Har yau ana ajiye shi a asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya na arewacin ƙasar. Sai dai masana na jayayya kan iyakar amfaninsa wajen ceton rai, kuma dalilin a fili yake: dafin da ke tsayar da zuciya cikin minti biyar ba ya jiran mota. Ciwon Irukandji kuwa ba shi da makari. Abin da likita ke yi shi ne ya ba da maganin kashe zafi mai ƙarfi irin su mofin, ya sauko da hawan jini, ya sa ido a kan zuciya da huhu har guguwar ta wuce.

Kariyar da ta fi aiki ta fito ne daga inda ba a zata ba. 'Yar ƙayar da ke cikin kwanso gajeriya ce ƙwarai, kuma sai ta ji fata take fita. Kenan ko ƙyalle mafi shara-shara ya isa ya shiga tsakani. Barnes ya riƙa sa doguwar safar mata ta nailan idan zai shiga ruwa, masu ceto na Queensland suka bi sahu, ƙarti majiya ƙarfi suna sa ɗaya a ƙafa, su huda ɗaya su zura a hannu da ƙirji. Daga nan aka samo rigar iyo mai rufe jiki ruf da ake ba masu yawon buɗe ido a yau kafin su shiga ruwa a yankin. Cikin duk abin da aka ƙirƙiro a wannan fage, babu wanda ya kai wannan riga hana harbi.

Sai maganar me za a zuba wa wanda aka riga aka harba. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin zaruruwan da ke manne da fata yawancin kwansunansu ba su riga sun fashe ba. Mutum ya fito daga ruwa ɗauke da dafin da bai shige shi ba tukuna, kuma abin da na kusa da shi za su yi a wannan minti shi zai sa ya shiga ko ya tsaya. Shekaru da dama shawarar da ake bayarwa ita ce a zuba sifirit. A 1980 Robert Hartwick na Jami'ar James Cook da ke Townsville da abokan aikinsa suka duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka ga sifirit fasa kwansunan yake yi, wato ƙara wa majinyaci dafi ake yi da sunan taimako. Abin da suka samu yana kashe kwansunan shi ne ruwan khal, wannan dai na girki. Tun daga nan aka kafa ƙa'ida: a fito da mutum daga ruwa, a kira agaji, a kwarara khal a wurin na aƙalla daƙiƙa 30, sannan a cire zaruruwan. Kada a goge da rairayi ko tawul, kada a wanke da ruwan sha, fitsari kuma da ake yawan faɗa ba ya maganin komai. Idan babu khal, a tsince zaruruwan a ɗauraye da ruwan teku. Khal ba ya rage zafi kuma ba ya karya dafin da ya riga ya shiga, aikinsa kawai ya hana ƙari. A 2014 wani bincike daga Cairns, wanda masani Jamie Seymour ke ciki, ya nuna a ɗakin gwaji cewa khal na iya matso ragowar dafi daga kwansunan da suka riga suka fashe. Maganar ta tayar da ƙura, amma majalisar da ke tsara ƙa'idojin ceton rai a ƙasar ta duba ta bar shawarar khal yadda take. Shi ya sa a gaɓar arewacin Queensland za ka ga kwalaben khal a ajiye a jikin turaku kusa da allon gargaɗi.

An kuma kewaye wasu wuraren iyo da raga a lokacin da halittun ke yawa. Ragar na tare Chironex babba, amma idanunta wajen milimita 25 ne, ƙaramar jelifish mai jawo ciwon Irukandji kuwa ta ciki take wucewa salin-alin. Don haka masu ceto kan ja wata raga mai ƙananan idanu su duba, in sun ga alama su rufe wurin.

Shekarar da aka daina raina ƙaramar

Har zuwa 2002 ana kallon ciwon Irukandji a matsayin azabar da ba ta kisa. A Janairun shekarar wani Baturen Ingila mai shekara 58 ya mutu bayan harbi a tsibirin Hamilton. A Afrilu wani Ba'amurke mai shekara 44 ya bi shi, bayan an harbe shi a wajen Port Douglas. Dukansu jini ne ya hau har jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Dafin Irukandji yana sa jiki ya kwararo sinadarin adiranalin da danginsa fiye da kima, wannan ne tushen bugun zuciya da gumi da firgicin da majinyata ke faɗa, kuma ga mai raunin zuciya ko mai shan maganin tsinka jini, hakan na iya zama ajali. An kuma gane cewa ba Carukia barnesi kaɗai ke jawo ciwon ba, akwai danginta da dama. Masaniyar jelifish Lisa-ann Gershwin ta bayyana wasu daga cikinsu, kuma a wani bincike na 2014 ita da abokan aikinta sun danganta fitowarsu da kwanakin da iskar kudu maso gabas ta lafa, wanda ya yi daidai da abin da Barnes ya lura da shi tun farko. A kowace shekara mutum 50 zuwa 100 kan kwanta asibiti a Ostireliya saboda wannan ciwo.

Game da babbar kuwa, wato Chironex, adadin da ya fi ba da haske daga birnin Darwin da ke arewacin Ostireliya ya fito. Farfesa Bart Currie ya bi diddigin harbi 606 a yankin daga 1991 zuwa 2004, aka tabbatar 225 na Chironex ne. Cikin waɗannan, kashi 83 cikin ɗari a ruwan da bai kai zurfin mita ɗaya ba suka faru, kuma kashi 8 ne kawai suka kai ga kwanciya asibiti. Rai ɗaya aka rasa, na yarinya 'yar shekara 3. Abin da wannan ke nunawa shi ne yawancin harbi ba ya kisa, kuma ba daidai ba ne a riƙa cewa duk wanda ta taɓa ya tafi. Amma idan kisan ya zo, kan ƙananan yara yake faɗawa, galibi na ƙauyukan 'yan asalin ƙasa da ke nesa da asibiti, inda teku wurin neman abinci ne da wasa, ba wurin shaƙatawar baƙi ba. Jimillar waɗanda aka rubuta ta kashe a Ostireliya tun ƙarni na 19 ta haura 60.

Wanda zuciyarsa ta tsaya, abin da ke raba shi da kabari shi ne a sami wanda ya iya danna ƙirji da hura numfashi, ya fara nan take, ya kuma daure bai daina ba. Zuciya na iya dawowa idan aka riƙe jini yana zagayawa na wani lokaci. A Disamban 2009 wata yarinya 'yar shekara 10 ta gamu da mummunan harbi a kogin Calliope kusa da Gladstone, irin wanda masana suka ce ba a saba tsira daga gare shi ba. Yayanta ya jawo ta waje, aka kwarara mata khal, aka yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita har ma'aikatan agaji suka karɓe ta. Ta rayu. Duk da haka lamarin bai ƙare ba: a farkon 2021 wani saurayi ɗan shekara 17 ya rasu bayan harbi kusa da Bamaga a ƙuryar arewacin Queensland, a Fabrairun 2022 kuma wani ɗan shekara 14 ya rasu a Mackay. Bincike na ci gaba. A 2019 masana a Jami'ar Sydney suka gano cewa dafin na buƙatar kitsen kolestarol da ke bangon ƙwayar jiki kafin ya yi ɓarna, suka kuma nuna a jikin ɓeraye cewa wani magani mai janye wannan kitse yana rage zafi da mutuwar fata idan aka sa shi cikin minti 15.

Inda abin ya fi ci mini rai ba Ostireliya ba ne. Dangin wannan halitta sun bazu a tekunan kudu maso gabashin Asiya. An yi mace-mace a tsibiran Samui da Phangan na Tailan, an yi a Langkawi ta Malesiya, ƙasar da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu ke zuwa da yawa, kuma mai zuwa hutu bakin teku a can ya kamata ya san da wannan. Tailan ta fara kafa turakun khal da allunan gargaɗi a wasu gaɓoɓinta bayan mutuwar baƙi ta ja hankalin jaridu. A Filifin kuwa, ƙiyasin da aka fi ambato shi ne mutum 20 zuwa 40 a kowace shekara, alhali kifin shak, da duniya ke ta firgita da shi, a yawancin shekaru mutum 5 zuwa 10 yake kashewa a faɗin duniya baki ɗaya. Masu binciken da suka shiga ƙauyukan masunta na Filifin sun ce adadin gaskiya ya zarce ƙiyasin, saboda yaro kan mutu a bakin ruwa a binne shi ba tare da ya ga likita ba, sunansa bai shiga kowane lissafi ba.

Waɗannan ƙauyuka ba su da jirgin agaji ko makarin CSL, kuma ba lalle su samu nan kusa ba. Amma khal na kwakwa da na rake yana kusan kowane ɗakin girki a Filifin, dogon wando da riga mai dogon hannu ma suna rage harbi sosai, danna ƙirji kuma ana koyar da shi a yini ɗaya. Aikin da ya rage shi ne hukumomin lafiya su fara rubuta kowane harbi da kowace mutuwa, a san watanni da gaɓoɓin da abin ya fi ƙamari, a kai kwalaben khal bakin ruwa a waɗannan watanni, a kuma koya wa masunta da iyaye mata da malaman firamare abin da za su yi a minti biyar na farko.